Waɗanne Kalmomin Turanci Ya Kamata In Fara Riƙewa?

Tambaya: Malam, na kammala sakandare shekara uku da suka wuce, yanzu ina aiki a wani shagon sayar da wayoyi da kayan gyaransu. Ina karanta Turanci daidai gwargwado, kuma na cika littafi guda da kalmomin da na kwafo daga ƙamus, amma da zarar baƙo ya shigo ya yi mini magana da Turanci sai bakina ya yi nauyi. Waɗanne kalmomi da jimloli ya kamata in fara riƙewa, kuma ta yaya zan riƙe su?

Amsa: Ɗan'uwa, daga yadda ka bayyana halin da kake ciki, ina ganin ba ƙarancin kalmomi ne ke damun ka ba. Abin da ya faru shi ne ka tara kalmomin da ba a cika magana da su ba, kuma ka tara su ɗaya-ɗaya, kowace a ware da 'yan'uwanta. Wannan hali ne na yawancin ɗaliban da suka biyo ta makarantunmu, domin an saba yabon yaron da ya furta doguwar kalma mai wuya, har ya tashi yana ganin girman kalma shi ne girman ilimi. Sai ka tarar da ɗalibi ya san “purchase” da “commence” da “terminate”, amma harshensa bai saba da “buy” da “start” da “end” ba, alhali waɗannan gajerun su ne Bature yake amfani da su daga safe zuwa dare.

Masana sun daɗe da ƙididdige wannan al'amari. Masu haɗa ƙamusun Oxford sun tattara rubuce-rubucen Turanci masu ɗimbin yawa, suka gano cewa kalmomi 10 kacal, irin su “the” da “be” da “to” da “of” da “and”, su ne kusan kashi 25 cikin ɗari na duk abin da aka rubuta. Kalmomi 100 na farko sun kai kusan rabi, kalmomi 1,000 kuma sun kai kusan kashi 75 cikin ɗari. Tun a shekarar 1953 wani malamin Turanci ɗan Ingila mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal, ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 da ya ce su ne suka fi yi wa mai koyo hidima, kuma an shafe shekaru da dama ana rubuta littattafan koyo a kan wannan jeri. Gidan rediyon Muryar Amurka ma, a shekarar 1959, ya soma wani shiri na labarai cikin sauƙaƙƙen Turanci da kalmomi kimanin 1,500, ana karantawa a hankali, kuma da waɗannan kalmomi aka riƙa ba da labarin siyasa da kimiyya da noma. Ba ina cewa 2,000 sun ishi mutum har abada ba. Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da yawan duba ƙamus ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Amma wannan mataki ne na gaba, kai kuwa buƙatarka ta yau ita ce ka amsa wa wanda ke tsaye a gabanka.

Idan ka duba waɗannan kalmomi na sahun farko, za ka ga ka riga ka san su duka: “get”, “make”, “do”, “take”, “go”, “come”, “put”, “give”, “have”, “keep”. Wahalarsu tana cikin yawan aikin da kowace take yi. Ɗauki “get” kaɗai. A cikin “I got your message” tana nufin samu, a cikin “I got home late” tana nufin isa, a cikin “It's getting dark” tana nufin zama ko soma, a cikin “I don't get it” kuma tana nufin fahimta. Sannan waɗannan aikatau, wato kalmomin aiki, da makamantansu suna haɗuwa da ƙananan kalmomi kamar “on” da “off” da “up” da “out” da “back” su haifar da sabuwar ma'ana, kuma a nan ne Turancin baka yake zaune. A shagonka kullum za ka buƙaci “turn it on” da “turn it off” don kunnawa da kashewa, da “plug it in” don jona caji, da “bring it back” don dawo da kaya, da “pick it up” don zuwa karɓa, da “we've run out” don cewa kaya sun ƙare. Da a ce za ka ajiye littafin kalmominka na wata guda ka zauna a kan aikatau goma ɗin nan da abokan tafiyarsu, da ka ga canji a bakinka fiye da wanda sabbin kalmomi ɗari biyar za su kawo.

Dalilin da ya sa nake cewa ka riƙe jimla gaba ɗayanta shi ne, magana ba ta ba mutum lokacin gini. Mai rubutu yana da damar tsayawa ya tuna ƙa'idar nahawu, mai magana kuwa ba shi da ita. Kai da kanka, idan za ka ce “Allah ya kiyaye hanya” ko “a rage mini wani abu”, ba ka harhaɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a dunƙule suke fitowa. Haka mai Turanci yake fitar da “How can I help you?” da “How much is this?” da “I'm afraid we don't have it” da “Would you like to try it?” da “That's the best price I can give you” da “Here's your change”. Ka zauna ka rubuta da Hausa abubuwa talatin da ka fi yawan faɗa wa masu sayayya a rana, ka nemi wanda ya ƙware ya ba ka yadda ake faɗin kowanne da Turanci na yau da kullum, ka maimaita su da babbar murya har su zama ba sai ka yi tunani ba. Ka lura da “I'm afraid” a misalin da na kawo: babu tsoro a cikinta, hanya ce ta sassauta labari marar daɗi, kamar yadda muke cewa “sai dai ka yi haƙuri”. Wanda ya koyi “afraid” ita kaɗai daga ƙamus ba zai taɓa gane haka ba.

Akwai wasu 'yan jimloli da nake so ka sa a gaban duk sauran, domin su ne suke hana zance mutuwa idan ka rasa abin cewa. Su ne “Sorry, could you say that again?” da “Could you speak more slowly, please?” da “What does that mean?” da “How do you spell it?” da “Do you mean this one?” da “Just a moment, please”. Nauyin bakin da ka ambata yawanci daga fargaba yake tasowa, fargabar cewa za a faɗi abin da ba ka gane ba ka rasa mafita. Mai waɗannan jimloli a bakinsa yana da mafita kullum, kuma babu wani mai hankali da zai raina ka don ka ce a maimaita. Su kansu Turawa suna faɗa wa junansu haka sau da yawa a rana.

Sai batun ladabi, wanda nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai, domin na ga mutane masu tarbiyya an yi musu kallon marasa kunya ba tare da sun san dalili ba. A Hausa umarni kai tsaye ba laifi ba ne idan murya ta yi taushi, kana iya cewa “ba ni ruwa” ko “miƙo mini” ba wanda zai ji haushi, ladabinmu yana cikin gaisuwa da rusunawa da sunan girmamawa. Turanci kuwa ya zuba ladabinsa a cikin siffar jimla. “Give me your number” tana da kaushi a kunnen baƙo, abin da aka saba shi ne “Could I have your number, please?” Haka “I want” ta fi dacewa da yaro ƙarami, babba yakan ce “I'd like”. Maimakon “Wait” sai ka ce “Could you wait a minute?”, maimakon “What do you want?” sai ka ce “What can I do for you?” Kalmomi uku, “could” da “would” da “please”, sun ɗauke maka rabin wannan nauyi.

Gaisuwa kuma akasin haka take, tamu doguwa ce, tasu gajera. Idan aka ce maka “How are you?” amsar da ake jira ita ce “Fine, thanks. And you?”, daga nan sai a shiga abin da ya kawo mutum. “How was your night?” da muke fassaro “ina kwana” da ita ta karɓu a Najeriya, amma ga ɗan Ingila ko ɗan Amurka tana iya zama tambaya a kan sirrinsa, don haka “Good morning” ta wadatar. Ka kuma kiyaye cewa “Good night” sallama ce ta rabuwa, daidai da “sai da safe”. Wanda ya shigo shagonka bayan magariba “Good evening” za ka ce masa.

Yanzu bari in daɗe a kan wurin da Bahaushe ya fi tuntuɓe, wato wuraren da Hausa ta haɗa abubuwa a kalma ɗaya Turanci ya rarraba su. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan taba, muna shan mangwaro, muna shan wahala. Turanci yana da aikatau daban ga kowanne: “drink water”, “take medicine”, “smoke a cigarette”, “eat a mango”, “suffer”. Muna cin abinci, muna cin jarrabawa, muna cin wasa, su kuwa “eat” da “pass” da “win” suke cewa. “Ji” ta fi su duka faɗi, domin muna jin magana da jin sanyi da jin wari da jin Larabci, amma a Turanci sai “hear” da “feel” da “smell” da “understand”. Shi ya sa “I don't hear English” take sa baƙo ya zaci kurumta ake nufi. “Yi” ita ma ta rabu biyu, “do” da “make”, kuma babu wata ƙa'ida guda da za ta raba maka su tsaf, sai dai ka riƙe kowace da abokiyar tafiyarta: “make a mistake”, “make a call”, “make money”, amma “do your work”, “do business”, “do me a favour”. Haka “say” da “tell”: ana cewa “he said that”, amma “he told me”, ba a cewa “he said me”.

Misalin da ya fi kowanne nuna yadda harsunan biyu suka sha bamban shi ne na aro da rance. Hausa tana duba irin abin da aka bayar: idan shi kansa abin za a dawo da shi, kamar keke ko caja, aro ne, idan kuwa madadinsa za a biya, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Turanci bai damu da wannan ba, abin da yake dubawa shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai bayarwa “lend” yake yi, mai karɓa kuma “borrow”. Saboda haka “ara mini cajarka” ita ce “Lend me your charger”, ko kuma cikin ladabi “Can I borrow your charger?”, amma “borrow me” kuskure ne da ya game ƙasar nan. Sai “ina zuwa”, wadda muke faɗa lokacin da muke fita da niyyar dawowa. Idan ka ce wa baƙo “I'm coming” kana juya masa baya zai rikice, abin da ake cewa shi ne “I'll be right back”. “Sannu” kuwa ba ta da takwara guda. Wanda ya yi tuntuɓe ana tambayarsa “Are you all right?”, wanda aka yi wa rasuwa ana ce masa “I'm sorry for your loss”, wanda ya dawo daga tafiya “Welcome back”. “Well done” yabo ne ga wanda ya gama aiki ya yi kyau, ba gaisuwar “sannu da aiki” ba ce.

Akwai kuma sunayen da Hausa take yi wa jam'i, Turanci ba ya yi. Muna cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai hannu ya tafi ga “advices” da “informations” da “equipments” da “luggages”, alhali duk waɗannan ba sa karɓar harafin jam'i. Ana cewa “some advice” ko “a piece of advice”. Haka nan “ina da” da “ina so” da “ina ganewa” suna jan mu zuwa “I am having a car” da “I am wanting” da “I am understanding”, amma aikatau na mallaka da so da sani a Turanci ba su cika ɗaukar wannan siffa ba: “I have a car”, “I want”, “I understand”. “Ina nan tun safe” kuma ita ce “I've been here since morning”. A gefe guda Hausa ta ba ka wata riba, domin ka saba bambanta shi da ita, ba za ka rikita “he” da “she” ba kamar yadda masu wasu harsuna suke yi. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne, waya da mota da riga, waɗanda muke ce wa “ita”, a Turanci “it” ne.

Kada ka ɗauka ina cewa Turancin Najeriya gurɓatacce ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Turancinmu, cikinsu har da “okada” da “danfo” da “Kannywood” da “next tomorrow”. Wannan ya tabbatar da cewa Turancin ƙasar nan yana da matsayinsa, kuma idan abokin cinikinka daga Inugu ko Ibadan ya zo, “next tomorrow” ta isar da saƙo sarai. Amma wanda ya zo daga Indiya ko Sin ko Ingila “the day after tomorrow” ya sani a matsayin jibi, haka ma mai gyara takardar jarrabawa. Shawarata ita ce ka san duka biyun, ka kuma san wa kake yi wa magana. Dangane da bambancin Turancin Ingila da na Amurka, irin su “petrol” da “gas”, ko “flat” da “apartment”, ka bi na Ingila domin shi makarantunmu suka gada, ka dai riƙa gane na Amurka idan ka ji shi.

Tun da sana'arka ta kuɗi ce, lambobi suna buƙatar kulawa ta musamman. “Thirteen” da “thirty”, “fifteen” da “fifty”, bambancinsu yana wurin da ake danna murya: a 13 da 15 ƙarshen kalma ake ja, a 30 da 50 farkonta ake dannawa. Tsakanin naira 15,000 da naira 50,000 akwai asara mai yawa, don haka idan ka yi shakka ka tambaya “One five or five zero?”, ko ka rubuta a nuna. Wajen furuci kuma, Hausa ba ta raba sautin “p” da “f” ba, haka “b” da “v”, shi ya sa “pull” da “full”, ko “copy” da “coffee”, ko “best” da “vest” suke zama ɗaya a bakinmu. Ga “p” leɓɓa biyu suke haɗuwa su buɗe da iska, ga “f” da “v” kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Minti biyar a gaban madubi kowace rana yana gyara wannan. Ka kuma tuna cewa kana da ɗaruruwan kalmomin Turanci a bakinka tun kana yaro, irin su asibiti da tebur da bokiti da direba da tikiti da canji da farashi. Ma'anarsu ka riga ka sani, aikin da ya rage shi ne cire wasulan da Hausa ta cusa a tsakanin baƙaƙe, yadda direba zai koma “driver”, burodi ya koma “bread”.

Game da yadda za ka riƙe su, wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna tun a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan, domin hadda ba ta zama sai da tilawa, kuma ba a wanke allo sai karatu ya kama. Saboda haka ka ɗauki jimloli biyar kawai a rana, ka sake duba su gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Kana iya yin haka da ƙananan katuna, Hausa a fuska ɗaya Turanci a ɗayar, ko da manhajar Anki a wayarka, wadda ita take lissafa maka ranar bita. Ka riƙa duban Hausar kana fitar da Turancin da baki, domin abin da kake nema shi ne iya faɗa, ganewa kam ka riga ka samu.

Littafinka ma kada ka jefar da shi, tsarinsa za ka sauya. A gaban kowace kalma ka rubuta cikakkiyar jimla da ta shafi rayuwarka, da kalmomin da aka saba ganin ta tare da su. Ƙamusun Turanci da Hausa, irin na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, yana da amfani wajen gano ma'ana da sauri, amma ka haɗa shi da ƙamusun masu koyo kamar Oxford Advanced Learner's ko Longman, domin su suna kawo misalan jimloli, kuma Longman yana bayyana ma'anoni da kalmomi kimanin 2,000 masu sauƙi. Sannan ka ba kunnenka minti goma sha biyar a rana daga shirye-shiryen koyon Turanci na BBC da ke intanet kyauta. Ka zaɓi gajeren shiri guda ka saurare shi sau da yawa, kana tsayar da shi kana maimaita abin da aka faɗa da irin muryar da aka faɗe shi, hakan ya fi sauraron sabon shiri kullum.

A shagon kuma, ka nemi abokin aiki ɗaya ku yi yarjejeniya cewa akwai rabin awa a rana, a lokacin da kasuwa ta lafa, da ba za ku yi magana ba sai da Turanci, ɗaya ya zama mai saye ɗaya mai sayarwa, gobe ku yi musaya. Duk abin da ya gagare ku faɗa a wannan rabin awa ku rubuta shi da Hausa, shi ne zai zama jimlolinku biyar na washegari.